Awon Aikin Auta

Yayan Auta irin mutanen nan ne da ba a gama magana a gabansu sai sun yi mata kwaskwarima. In maƙwabciya ta ce firjinta yana shan wuta, sai ya tare ta a bakin ƙofa da kwanon wanke-wanke a hannunta, ya sanar da ita cewa firji ba shi da maƙogwaro, kuma abin da take kira wuta ba wuta ba ne. In mai gyaran fanka ya ce wannan ta fi waccan ƙarfi, sai ya tambaye shi wat nawa, ya tsaya yana jiran amsa da murmushin wanda ya kama ɓarawo. Malamin kimiyya ne a wata sakandare, a zubin yamma. Ɗalibansa sun laƙaba masa Kilowat, labari ya zo kunnensa, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka kirari ne har ya riƙa amsawa.

Abu biyu ya sani a duniya, kuma ya rantse sai kowa ya san ya san su. Na farko jul, ma'aunin aiki: in ka tura abu ko ka ɗaga shi ya gusa, to jul kaza ka kashe. Na biyu wat, saurin da aka yi aikin, jul ɗaya cikin sakan ɗaya. Auta ta sha wannan karatu tun tana 'yar firamare. Ta sha shi a kan abinci, ta sha shi a bakin famfo, ta sha shi har a makon da mahaifiyarsu ta rasu, lokacin da ya tsaya a tsakiyar masu gaisuwa yana bayanin abin da ya sa butar shayi ta ƙona soket. Abin haushin, ba ƙarya yake yi ba. Duk abin da ya faɗa haka yake a littafi, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa amfanar wani a gidan.

Baba kuwa yana kwance. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya karkace masa baki, ya bar masa kalmomi 'yan kaɗan da yake fitarwa da ƙyar. Kunnensa dai garau yake, hankalinsa ma haka. Da ƙarfinsa ɗan dako ne a rumbunan kaya, tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai, kuma da wuyan nan nasa aka kai Yaya makaranta har ya zama abin da ya zama. A tsakiyar kansa akwai wani faifai da gashi ya daina fitowa, inda gammo ya zauna shekara da shekaru. Auta ce ke shafa wa wurin mai kowace safiya.

Ita ce komai. Ita ke ɗaga shi daga gado zuwa kujera, ta mayar da shi, ta juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ta wanke shi, ta wanke abin da ya ɓata. Mafi wuya shi ne cin abinci, domin yana shaƙewa. Sai ta hau gadon ta zauna a bayansa, ta jingina shi da ƙirjinta, hannu ɗaya ya zagaye shi ɗaya yana kai cokali, bayan ya gama kuma ta ci gaba da riƙe shi a zaune har abincin ya sauka. Ba ta motsi, don in ta motsa tari ya taso. Lokacin da za ta sake shi, kafaɗarta ta mutu murus, sai ta sa ɗaya hannun ta sauke wanda ya sage.

Yaya yana zuwa dubiya, kada a ci haƙƙinsa. Gidansa layi biyu ne tsakani. Yakan tsaya daga bakin ƙofar ɗakin da hannu a aljihu, ya ce sannu Baba, ya tambayi Auta ko an sha magani, sannan ya juya butar lantarki ya karanta abin da aka rubuta a gindinta kamar jiya bai karanta ba. In zai fita ya rage gudun fanka. Hancinsa ba ya son warin ɗakin, kuma yana zaton babu wanda ya lura da yadda yake riƙe numfashi.

Ana cikin haka sai hanya ta buɗe wa Auta. Ta iya keken ɗinki na masana'anta, ta koya kafin Baba ya faɗi, kuma sunanta ya daɗe a layin masu jiran gurbi a wani kamfanin ɗinka kayan makaranta da ke ƙarshen unguwa. Shugabar sashen ta aiko a kira ta, ta gwada hannunta, ta ce ta zo ranar Litinin a zubin safe. Ta kuma faɗa mata gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: in jiniya ta yi kuka aka rufe ƙofa ba ta ciki, gurbin na ta bayanta ne, kuma layin yana da tsawo. Auta ta dawo gida tana jin ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Tana son Baba, wannan ba abin tambaya ba ne. Amma ta ga sa'o'inta duk sun kama abin yi, ita kuwa ƙuruciyarta tana tsiyayewa a cikin bokitin wanki, kuma tana son aikin nan kamar ta yi kuka.

Lissafin a fili yake. Ita safe, shi yamma. Yaya ba ya shiga aji sai rana ta karkata, don haka ya zo ya zauna da Baba da safe, ita ta dawo ta karɓe shi. Ta same shi da maganar cikin ladabi, tana Yaya kaza Yaya kaza. Ya ce safiya lokacin nazarinsa ne, ƙwaƙwalwa ba keken ɗinki ba ce da za a taka ta tashi. Ta kawo maganar matarsa, ya ce tana da ciwon baya. Ta sake komawa, ya ce zai duba. Da ta ga dubawar ba ta da rana, sai ta kira Baffa, ƙanin Baba, tsohon direban babbar mota wanda ko Yaya ba ya iya yi wa gyaran magana sai a ɓoye.

Aka zauna ranar Asabar da la'asar a ɗakin Baba, don gidan ɗaki biyu ne kuma ba a barinsa shi kaɗai. Ya gama cin burodin da aka jiƙa masa a madara ke nan, yana jingine da Auta a kan gado. Baffa ya ɗauki kujerar majinyaci. Yaya ya jawo ta roba ya ajiye kusa da taga inda iska take.

Baffa bai ja zance ba. Ya ce yarinyar nan ta yi aiki, aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, lokaci ya yi da za a raba. Da Yaya yana da wayo ko na sisin kwabo, da ya sunkuyar da kai ya kawo uzuri irin na mutane. Amma an ambaci kalmar aiki a gabansa, kuma shi in ya ji ta sai jikinsa ya hau tsuma. Ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce yana so a fara fahimtar juna, domin mutane suna wasa da wannan kalma. Aiki abu ne mai ma'auni, ba abin da za a tsaya ana jin tausayi a kai ba.

Sai ya shiga awo. Ya dubi mahaifinsa daga kai zuwa ƙafa kamar mai sayen rago, ya ce a ƙaddara kilo sittin ne. Daga gado zuwa kujera ba a ɗaga shi fiye da rabin mita. Wannan jul ɗari uku ke nan, a yi mata alheri a ce sau goma a yini, jul dubu uku. Ya nuna kwan fitilar da ke rataye a rufin ɗakin, mai wat sittin, ya ce wancan kafin minti ɗaya ya cika ya kashe abin da ya kai haka. Cokalin sukari guda da take zuba wa shayinta ya ninka wannan sau ashirin, har da ragi. Yana faɗa yana lanƙwasa yatsu, fuskarsa tana sheƙi irin na wanda aka ba lasifika a taro.

Da ba don Baba yana jikinta ba, da Auta ta tashi, kuma ba ta san abin da za ta yi da kwanon madarar ba in ta tashin. Ta danne, ta tambaye shi da murya ƙasa-ƙasa, to wannan riƙon da take yi yanzu fa, tun ɗazu, jul nawa ne.

"Sifili," in ji Yaya. "Ai bai gusa ba. Kayan da aka riƙe wuri ɗaya, ko a kwana ana riƙe da shi, ba a yi aiki ba. Bango ma yana riƙe da rufi."

Kaya. Ta ji bayan Baba ya ɗan ƙame a ƙirjinta.

Baffa mutum ne mai son ya gane abu kafin ya yi faɗa. Ya karkata kai, ya ce shi dai bai yi boko ba, amma yana da tambaya. Mutumin da ya ɗauki buhu a ka, ya tafi da shi tun daga bakin mota har cikin rumbu, ya dawo ya ɗauki wani, shi ai ya gusa, ko? Auta ta san inda tambayar ta nufa. Ko kujerar robar da Yaya ke kai ta san inda ta nufa. Ƙofa ce Baffa ya buɗe masa don ya fita da sauran mutuncinsa, ya ce a'a, wannan kam ya yi aiki, a wuce wurin. Amma Yaya an yi masa tambayar da ya san amsarta, kuma bai taɓa iya haɗiye amsa ba tunda uwarsa ta haife shi.

Ya tambaya ko hanyar a shimfiɗe take, babu hawa. Baffa ya ce a shimfiɗe. Ya tambaya wa ke ɗaga buhun daga ƙasa. Baffa ya ce daga kan mota ake ɗora wa mutum.

"To shi ma sifili ne," in ji shi, har da ɗan dariya. "Nauyin ƙasa yake ja, shi kuma gaba yake tafiya. Ko shekara arba'in ya yi yana yi, a kimiyyance bai yi wa buhun aikin jul ɗaya ba. Gajiya daban, aiki daban. Zafi kawai jikinsa yake fitarwa a banza, kamar tsohuwar waya."

Baba bai yi tari ba, bai yi nishi ba. Hannunsa mai lafiya ya tashi a hankali daga kan bargo, ya hau kansa, ya tsaya a kan faifan nan mara gashi, ya daɗe a wurin. Sannan ya juyar da fuskarsa bango iyakar yadda wuyansa ya yarda. Sai a lokacin Yaya ya waiga ya ga wanda ke kwance a ɗakin. Ya fara cewa ai shi misali yake bayarwa, ba wani yake nufi ba, a ilimance ne, a ilimance. Borin kunya ya sa ya ƙara wasu kalmomin da babu wanda ya saurara.

Baffa ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tunda abin sifili ne, ai ba zai gagari malami ba. Daga Litinin Yaya zai zo da sassafe ya yi sifilin nan har Auta ta dawo, in kuwa bai zo ba, kada ya ƙara kiransa Baffa, kuma shi da kansa zai je makarantar ya ba abokan aikinsa labarin awon da aka yi yau. Wannan ta ƙarshen ce ta kama Yaya, don ya fi tsoron dariyar ɗakin malamai a kan fushin dangi. Ya ce to. Auta ta ji daɗi, ba za ta ɓoye ba, daɗi mai haɗe da ɗaci. Ta yi nasara, amma daren nan Baba bai ce mata komai ba, washegari ma ko sannun da yake lalubowa in ta juya shi bai fito ba.

Ranar Lahadi ta wanke komai, ta jera magunguna a kan tebur, ta goge rigar da za ta sa. Ta ce wa Baba gobe za ta fara zuwa ɗinki, Yaya zai zauna da shi, kafin ya ankara ta dawo. Ya dube ta da idon nan nasa mai ruwa, bai gyaɗa kai ba, bai girgiza ba.

Litinin Yaya ya zo, kuma a kan lokaci, da littafi a hammata kamar mai zuwa hutu. Auta ta riga ta yi wa Baba wanka, ta shirya, har ta sa takalmi. Saura karin kumallo, ta ce gara ya fara a gabanta don ta nuna masa. Ya naɗe hannun riga, ya hau gadon yana ɗauke numfashi, ya zauna a bayan mahaifinsa a karkace, yana riƙe shi da 'yan yatsu kamar wanda aka ba jaririn maƙwabta. Ko minti biyu ba a yi ba ya fara gyara kafaɗa. Auta ta gani, ta yi niyyar tambayarsa jul nawa ya kashe, sai ta ga bai ma kai a ɓata masa yawu ba.

Ya ɗebo cokali ya kai. Baba ya datse haƙora. Ya sake kaiwa, Baba ya kawar da kai, madara ta zubo a kan bargo. Auta ta durƙusa tana lallashi, Baba ka ci mana, Baba don Allah, yau ce rana ta farko. Tsohon ya tattara duk ƙarfin da ya rage a ɓarin jikinsa mai rai, ya sa gwiwar hannu ya tunkuɗe ƙirjin ɗansa, ya zame gefe zai faɗo daga gadon. Ta tare shi. Tari ya sarƙe shi, irin mai tsayar da numfashi, fuskarsa ta yi duhu. Kafin ta san abin da take yi ta ture Yaya, ta haye gadon da takalminta, ta tallafe shi tana bubbuga bayansa har iska ta koma. Da numfashi ya dawo, yatsun Baba suka kama wuyan hannunta suka riƙe, riƙon mutumin da ya saba kama kunnen buhu.

Yaya yana tsaye a tsakar ɗaki yana goge madara daga wandonsa. Ya ce to, ta dai gani da idonta, shi ya zo, ba shi ya ƙi ba. Ya ce tilasta wa mai irin wannan ciwo haɗari ne, kowane likita zai faɗa. Ya ce ta shaida wa Baffa yadda aka yi. Yana magana da muryar jimami, amma Auta ta ɗago ta dubi fuskarsa, ta ga ta washe kamar ta ɗalibin da aka ce malam ba zai zo ba. Ba ta san ko da gangan ya yi abin da ya yi ranar Asabar ba, ko kuwa wautarsa ce ta yi masa rana. Ta auna duka biyun ta rasa wanda ya fi ƙazanta. A ranar ta daina jin haushinsa, don haushi ma sai wanda kake gani da ɗan daraja.

"Ɗauki littafinka, Yaya," ta ce.

Ya ɗauka kuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in ana bukatar wani abu a aika, sannan ta ji takunsa a soro, da sauri, har da ɗan tsalle a kan dakali.

Ta zauna yadda ta saba, ƙirjinta a bayan Baba, hannunta ɗaya a zagaye da shi. Ta yi tunanin zare hannunta ta ruga, ƙofar kamfanin ba nisa, da gudu za ta iya. Ta yi tunanin buga wa maƙwabciya bango. Amma ta san bakin nan ba zai buɗe wa kowa ba yau, kuma in ya sake shaƙewa babu wanda ya san inda ake bugawa. Ta jawo kwanon da ƙafa, ta ɗebo abin da ya rage. Ya buɗe baki ya karɓa, a hankali, yana haɗiya da ƙyar.

Suna cikin haka jiniyar kamfanin ta tashi daga ƙarshen unguwa, ta ja dogon kukanta, ta mutu. Auta ta ajiye cokalin. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, suka sauka a tsakiyar kan Baba. Ya ji su. Ya yi ta motsa baki, yana kokawa da harshensa, har kalma ɗaya ta fito a karkace.

"Aiki?"

Ba ta gane ba ko nata yake tambaya, wanda aka rufe wa ƙofa yanzun nan, ko kuwa nasa, wanda ya kwana biyu yana juyawa a rai da fuskarsa a bango. Ya ƙara matse mata hannu yana jira. Amsa ɗaya ce za ta iya bayarwa ba tare da muryarta ta karye ba.

"Aiki ne, Baba," ta ce. "Wallahi aiki ka yi."

Yatsunsa suka saki kaɗan. Ta sa ƙafa ɗaya ta tuɓe takalmin ɗaya ƙafar, ta tuɓe ɗayan, suka faɗi ƙasa, ta gyara masa zama don abincin ya sauka.